Ɗan da Ya Dawo Gida: Saɓanin Iyaye da 'Ya'ya Kan Kishin Ƙasa a Wasannin Kwaikwayo Uku

Gabatarwa

Wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, mu da muke koyar da adabi a makarantun sakandare, shi ne yadda matasan marubutanmu ke tunkarar jigon kishin ƙasa a wasan kwaikwayo. Da zarar an ce a shirya wasa kan haɗin kan ƙasa, sai ka ga an fito da mutum uku a dandamali, ɗaya da babbar riga da rawani, ɗaya da hular Yarbawa, ɗaya da jar hular Ibo. Su yi 'yar sa-in-sa, sannan wani mai riƙe da tuta ya shigo ya yi musu wa'azi, su rungume juna, a tafa, a watse. Niyyar mai kyau ce, amma da wuya a sami ɗan kallon da zai kwana yana juya abin da ya gani, domin babu wanda ya yi asarar komai a cikin wasan.

Marubutan da suka ci nasara a wannan jigo wata hanya suka bi. Sun ɗauko maganar ƙasa sun shigar da ita tsakar gida, suka ajiye ta tsakanin uwa da ɗanta, ko uba da 'ya'yansa. A nan ne maganar take da zafi, don kuwa mutum yana iya ƙaurace wa abokin hamayyarsa na siyasa har abada, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A wannan sharhi za mu dubi wasanni uku daga ƙasashe uku da Ingila ta taɓa mulka. Na farko shi ne The Black Hermit na Ngugi wa Thiong'o ɗan Kenya, na biyu The Dilemma of a Ghost na Ama Ata Aidoo 'yar Gana, na uku kuwa Translations na Brian Friel ɗan Ailan. Dukkansu a kan ginshiƙi ɗaya aka gina su, wato ɗa ya tafi wani wuri ya yi ilmi, ya dawo gida da sabuwar fahimta kan abin da ake kira ƙasa, ya tarar da iyayensa suna riƙe da tasu. Ma'aunin da za mu auna su da shi guda ne: wane irin baki marubucin ya bai wa tsofaffin gidan? Ra'ayinmu shi ne, gwargwadon nauyin hujjar da aka sa a bakin tsoho, gwargwadon ƙarfin wasan.

Remi: ɗan da ya dawo da wa'azi

Ngugi, wanda aka haifa a 1938 ya kuma rasu a 2025, yana ɗalibi a Makerere ya rubuta The Black Hermit, wato baƙar fatan da ya shiga halwa, don bikin samun 'yancin kan Yuganda a 1962. Ɗaliban Makerere ne suka gabatar da shi a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Kamfala, aka kuma buga shi a littafi a 1968. Ya raba wasan kashi uku: ƙauye, birni, da dawowar mai halwa.

Tauraron wasan, Remi, shi ne na farko a ƙabilar Marua da ya shiga jami'a. Ƙabilar ƙirƙirarriya ce, ƙasar ma ba a ambaci sunanta ba. Lokacin fafutukar neman 'yanci Remi ya shawo kan mutanensa suka zaɓi jam'iyyar da ke kiran haɗin kan ƙasa baki ɗaya. A gida kuwa wani abu ya faru. Ɗan'uwansa ya mutu a haɗarin mota, mahaifinsu ya matsa masa ya gaji matar mamacin, mai suna Thoni, kamar yadda al'adarsu ta tanada. Ashe Remi ya daɗe yana son Thoni a zuci tun kafin ta auri ɗan'uwan nasa, amma yana ganin zuciyarta tana wurin mamacin. Don haka bayan ɗaura aure ya gudu birni, ya kama aikin akawu a kamfanin mai, ya yi budurwa Baturiya mai suna Jane.

Tawaga biyu suka bi shi birni. Dattawan Marua sun je da ƙunshin magani, suna so ya dawo ya kafa musu jam'iyyar ƙabila, domin tun da aka sami 'yanci ba su ga filaye ba, ba su ga makarantu ba, ba su kuma ga ɗansu ko ɗaya a gwamnati ba. Fasto ya je da Baibul, yana so ya dawo ya riƙe coci. Remi ya dawo, amma ba don ya bi ɗayansu ba. Ya tsaya gaban jama'a ya yi tir da ƙabilanci, ya umurce su su koma su gina makarantu su gina ƙasa. Da ya juyo kan mahaifiyarsa Nyobi, sai ya zazzage mata, ya kuma yi watsi da Thoni a bainar jama'a. Thoni ta sulale ta kashe kanta, ta bar takarda da ke nuna cewa shi take so tun asali. Wasan ya ƙare Remi yana durƙushe gaban gawarta.

Idan muka ɗora wasan kan ma'auninmu, za mu ga inda ya yi rauni. Koken dattawan Marua na gaskiya ne. Sun jefa ƙuri'a bisa maganar ɗansu, sun jira, ba su ga komai a ƙasa ba. Wannan tambaya ce da ta cancanci amsa. Sai dai marubucin ya lulluɓe ta da ƙunshin magani da son kai, ya mai da dattawan abin dariya, har ya zamana Remi ba ya bukatar ya amsa musu, tsawa kawai ta wadatar. Wanda ya iya ja da Remi da hujja shi ne abokinsa Omange, wanda ya ƙalubalance shi kan hana ma'aikata yajin aiki, shi kuwa tsaransa ne, ɗan birni irinsa.

Rauni na biyu yana cikin ƙullin labarin. Mutuwar Thoni daga rashin fahimtar juna a soyayya ta taso. Da takardarta ta isa hannun Remi kwana ɗaya kafin nan, da babu gawa, alhali gardamar ƙabila da ƙasa tana nan yadda take. Ke nan zaren soyayya da zaren siyasa an ɗaura su ne kawai, ba a saƙa su tare ba.

Duk da haka wasan yana da abin koyo, kuma a wurin Nyobi yake. Kirista ce, amma da dattawa suka nemi ta sa wa maganinsu albarka sai ta sa, daga baya ta ruga wurin Fasto cikin damuwa. Ita ba ruwanta da jam'iyya, ɗanta take so ya dawo, surukarta ta daina kwanan kuka. Duk fitowar da take ciki tana da rai. Shi kansa Ngugi ya bayyana a gabatarwar littafin cewa a lokacin da ya rubuta wasan yana ganin ƙabilanci ne babbar matsalar sababbin ƙasashen gabashin Afirka, kuma shi da 'yan'uwansa ɗalibai sun amince ƙwarai da sababbin gwamnatoci. Shekara 15 bayan haka, a 1977, shi da Ngugi wa Mirii suka shirya Ngaahika Ndeenda da harshen Kikuyu, mutanen ƙauyen Kamiriithu suka fito a ciki, tsofaffin manoma da leburori suka sami baki. Gwamnatin Kenya ta hana wasan, ta kuma tsare Ngugi kusan shekara guda ba tare da shari'a ba.

Ato: ɗan da ya dawo da shiru

Ama Ata Aidoo, wadda ta rasu a 2023, ita ma tana ɗaliba a Jami'ar Gana da ke Legon ta rubuta The Dilemma of a Ghost, wato tsaka mai wuyar fatalwa. An gabatar da shi a 1964, aka buga shi a 1965. Wajibi ne mu tuna da zamanin. Gana ta sami 'yanci a 1957, Kwame Nkrumah kuma yana kiran baƙaƙen fatar duniya su ɗauki Gana gidansu. Shahararren masanin nan baƙar fata ɗan Amurka, W.E.B. Du Bois, ya amsa kiran a 1961, a birnin Akara kuma ya rasu a 1963. A fadar gwamnati maganar ta zauna daram. Aidoo sai ta ɗauke ta ta kai ta wani gida na Fante, don ta ga ko za ta zauna a can.

Ato Yawson ya dawo daga karatu a Amurka. Danginsa sun sha wahala kafin ya kammala, mahaifiyarsa Esi Kom ma har ta sayar da tunkiya ta tanadi kuɗin aurensa. Ana cikin taron dangi sai ya shaida musu cewa ai ya riga ya yi aure, matar kuwa baƙar fata ce 'yar Amurka mai suna Eulalie. Suka tambayi ƙabilarta, ya ce ba ta da ƙabila, kakanninta na cikin waɗanda aka kwasa daga nan aka kai can. Kakarsa Nana ta ɗora hannu a ka, tana tambayar abin da za ta faɗa wa magabata idan ta isa wurinsu, cewa jikanta ya kawo musu jinin bayi.

Ita ma Eulalie da nata guzurin ta zo. Marainiya ce, ta taho da mafarkin cewa ta dawo gidan kakanni, amma ba ta jin harshen, ba ta san al'adar ba. Tana shan taba da giya a gaban surukai. Da Esi Kom ta kawo musu dodon koɗi, wanda abinci ne mai daraja a wurinsu, sai ta zubar. Babban abin da ya dagula al'amari shi ne haihuwa. Ato da matarsa sun yi shawara su jinkirta samun ɗa, dangi kuwa suka ɗauka juya ce, har suka zo da magani don a wanke mata ciki. Ato ya san gaskiya, amma ya ce musu babu komai. Bai bayyana wa danginsa shawarar da suka yanke ba, bai kuma bayyana wa matarsa abin da haihuwa take nufi a gidan ba. Da rikici ya kai maƙura, Eulalie ta zagi mutanensa, ya mare ta, ta fice.

A nan ne Aidoo ta yi abin da Ngugi bai yi ba. Da Esi Kom ta ji gaskiyar magana, ɗanta ta ɗora wa laifi, domin shi ne ya bar su cikin duhu suna zargin baƙuwa. Da Eulalie ta dawo a galabaice, wannan tsohuwa da ba ta taɓa shiga aji ba ita ce ta tallabe ta ta shigar da ita cikin gidan dangi. Aka bar Ato shi kaɗai a tsakar gida, yana jin muryar yara suna waƙar wata fatalwa da ta tsaya a mararraba, ta rasa ko Elmina za ta nufa ko Cape Coast. Mai karatu ya lura, waɗannan garuruwa biyu su ne masu manyan kurkukun da aka riƙa tara bayi kafin a loda su a jirgin ruwa.

Marubuciyar ba ta wanke tsofaffin ba. Ƙyamar da Nana ta nuna wa jinin bayi abu ne mummuna, an kuma bar shi da muninsa, musamman da yake a gaɓar tekun nan aka yi cinikin. Amma an ba su damar su ji, su auna, su sake ra'ayi. Tambayar wasan ita ce, wane ne ɗan gida? Mai digiri ya kasa amsawa, tsohuwa ta amsa da hannunta. Inda muke ganin wasan ya ɗan yi rauni shi ne wajen Eulalie. An cika mata gishiri, maganarta da ɗabi'unta sun fi kama da yadda ake kwaikwayon Ba'amurke fiye da yadda mutum yake, sauyin Esi Kom kuma ya zo da ɗan gaggawa a fitowar ƙarshe.

Owen: ɗan da ya dawo da taswira

Wasa na uku ya fitar da mu daga Afirka zuwa tsibirin Ailan, maƙwabciyar Ingila, wadda ta sha mulkin Ingilishi shekaru aru-aru. Brian Friel, wanda ya rayu daga 1929 zuwa 2015, ya fara gabatar da Translations, wato fassare-fassare, a birnin Derry a watan Satumba na 1980, lokacin da rikicin Ailan ta Arewa yake kan ganiyarsa. Maimakon ya yi magana kan bama-baman zamaninsa, sai ya koma shekarar 1833, wani ƙirƙirarren ƙauye mai suna Baile Beag a yankin Donegal.

A wata tsohuwar barga wani dattijo mai suna Hugh yake da makaranta, inda yake koyar da manoma lissafi da Latinanci da Girkanci cikin harshen Ailan. Malami ne na gaske, mashayi ne kuma na gaske. Babban ɗansa Manus gurgu ne, domin uban ya faɗa kan shimfiɗarsa yana jariri cikin maye, shi ne kuma yake riƙe da makarantar ba tare da albashi ba. Abubuwa biyu suka tunkaro ƙauyen. Gwamnati na gina sabuwar makaranta kyauta wadda Ingilishi kaɗai za a yi a cikinta, sojojin Ingila 'yan safiyo kuma sun sauka don zana taswirar ƙasar da mai da sunayen wurare zuwa Ingilishi. Tafintansu shi ne Owen, ƙaramin ɗan Hugh, wanda ya yi shekara 6 a birnin Dablin ya dawo cikin shiga ta alfarma. Turawan ma ba su iya sunansa ba, Roland suke kiransa, shi kuwa ya ce ai duk ɗaya ne.

Dabarar da Friel ya yi ta cancanci nazari. Duk 'yan wasan Ingilishi suke yi a dandamali, amma ɗan kallo ya fahimci cewa mutanen ƙauyen harshensu suke yi, sojojin kuma ba sa jin su. Saboda haka idan Kyaftin Lancey ya yi bayanin aikin safiyo, Owen ya fassara, mu 'yan kallo muna jin duka biyun, muna kuma ganin inda tafinta ya rage wa magana kaifi don kada mutanensa su tsorata. Manus ne ya ja shi gefe ya ce masa wannan aikin soja ne.

Ƙaramin hafsa Yolland ya kamu da son ƙasar, ya kuma kamu da son Maire, yarinyar da Manus yake nema. Ita tana da ƙanne goma, babu namiji babba a gidansu, don haka Ingilishi take so ta koya ta tafi Amurka. Bayan wani daren rawa Yolland ya ɓace. Manus ya gudu don ya san shi za a fara zargi. Lancey ya tara mutane ya ce idan ba a ga hafsansa ba cikin awa 24 za a harbe dabbobinsu, bayan awa 48 kuma a fara rushe gidaje. Ya shiga karanta sunayen unguwannin da za a rushe da sababbin sunayensu na Ingilishi, dole Owen ya riƙa mayar da su harshen gida ɗaya bayan ɗaya, sunayen da shi da hannunsa ya sauya. A duk wasannin uku babu fitowar da ta kai wannan ciwo, kuma babu wa'azi ko kalma ɗaya a cikinta.

Abin da ya ɗaga wasan sama da sauran shi ne yadda uba da ɗa suka yi musayar matsayi. Owen da ya zo da taswira ya ƙare yana ƙyamar littafin sunayen, ya fita neman samarin da ke shirin tirjiya. Hugh kuwa, wanda muka zaci zai mutu a kan tsohon harshe, wanda kuma aka hana shi shugabancin sabuwar makarantar da ya sa rai, shi ne ya ɗauki littafin ya ce dole su koyi sababbin sunayen su san inda suke zaune, ya kuma yarda zai koya wa Maire Ingilishi. Ya tuna yadda shi ma a 1798 ya saɓa mashi ya fita yaƙin 'yanci, ya yi 'yar tafiya, kewar gida ta kama shi a wata mashaya, ya juyo. Ba a ce mana Hugh ne mai gaskiya ba. Wataƙila hikima ce, wataƙila gajiya ce. Ɗan kallo zai fita yana gardama da kansa.

Masana tarihi sun yi ƙorafi, musamman J.H. Andrews wanda Friel ya yi amfani da littafinsa kan aikin safiyon Ailan, cewa 'yan safiyo ba su rushe gidajen mutane ba. Ƙorafin yana da tushe, kuma gargaɗi ne ga duk mai ɗauko tarihi ya kai dandamali, domin 'yan kallo da yawa daga wasan za su ɗauki tarihin.

Bahaushe ba zai ji wannan labari baƙo ba. Mu ma mun ga yadda Sakkwato ta koma Sokoto a taswira, Kwantagora ta koma Kontagora. Mun san abin da ya biyo bayan makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da yadda boko ya ture ajami daga ofis. Mun kuma san matsayin tafinta tsakanin Joji da talakawa.

Ina muka tsaya?

Rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa ya daɗe da sanin tsakar gida. Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi na 1959, da Uwar Gulma na Mohammed Sada na 1968, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina na 1979, duk a kan aure da tarbiyya da sauyin zamani suka tsaya, sun kuma iya sa wa mutane magana a baki yadda ake yin ta. Sai dai akasari hukuncin a yanke yake tun farko: wanda ya kauce wa tarbiyya zai ga sakayya, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wasannin da ɗalibanmu ke rubutawa kuwa sun juya hoton ne kawai, ɗan boko ne mai gaskiya, uba jahili ne da za a wayar wa kai a fitowar ƙarshe. Duka biyun gardama ce da aka san wanda zai ci kafin a fara. Maganar wace ce ƙasarmu, wa kuma yake da ita, ba kasafai take shiga waɗannan gidaje ba.

Alhali kuwa kayan aiki a zube suke. Iyakar Nijeriya da Nijar ta ratsa tsakanin Katsina da Maraɗi, tsakanin Daura da Damagaram, ta bar wa da ƙane kowa da tutarsa, ɗan wannan yana karatu da Ingilishi, ɗan wancan da Faransanci. Akwai jikokin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a Mai Wurno ta Sudan. A watan Janairu na 1980 an ɗauki Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, aka kai shi Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta tabbatar masa da ƙasarsa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta bai wa baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana, a 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi, Ganawa da yawa a cikinsu.

Mu ɗauki na 1969 mu ƙaddara wani gida a zangon Kumasi. Uba ya zo daga Kano fataucin goro tun yana saurayi, shekara 40 yana cewa baɗi zai koma. Ɗansa a Kumasi aka haife shi, yana jin Asantanci kamar Hausa, bai taɓa ganin Dala ba. Ga wa'adin mako biyu. Marubuci mai gaggawa zai sa uba ya ce a tafi, ɗa ya ce a zauna. Wanda ya karanci Friel zai tambayi kansa: idan uban ne ya ƙi tafiya fa, saboda kabarin matarsa yana nan, ya kuma san kowa ya bar gida gida ya bar shi, ɗan kuwa shi ne ya ɗaure kaya don ya gaji da a kira shi baƙo a garin da aka yanke masa cibiya? Daga nan wasa ya fara.

Kammalawa

Mun ga 'ya'ya uku da suka dawo gida. Remi ya dawo da amsa a shirye, marubucinsa ya tsaya a bayansa, dattawa suka zama abin dariya, sai da aka nemo gawa kafin wasan ya yi nauyi. Ato ya dawo ya kasa magana, aka bar uwarsa ta yanke hukunci, wasan ya fi na farko zama a zuciya. Owen da mahaifinsa kuwa kowa ya ƙare a inda ɗayan ya fara, shi ya sa muka fifita Translations a kan sauran biyun. Ba mu manta ba cewa Ngugi da Aidoo ɗalibai ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai lokacin da suka yi nasu, Friel kuwa ya haura hamsin. Wannan ma abin ƙarfafa gwiwa ne ga masu tasowa a cikinmu.

Shawararmu ga mai son taɓa wannan jigo ita ce, kafin ya rubuta fitowar farko ya zauna ya rubuta hujjar ɓangaren da bai yarda da shi ba, ya kyautata ta har sai ta fara ba shi tsoro. Ya tabbata abin da za a rasa a wasan abu ne da ake iya nunawa da yatsa, kamar gona ko aure ko suna ko kabari, kuma asarar ta fito daga cikin gardamar kanta. Ya kula da tafinta, domin duk ɗan da ya yi boko ya dawo gida tafinta ne tsakanin iyayensa da hukuma, abin da ya rage ko ya ɓoye a fassararsa kuwa ya isa ya ɗauki wasa sukutum. Daga ƙarshe ya bar 'yan kallo su tafi da sauran gardamar gida.

Muna sane da cewa akwai 'yan ƙungiya da za su ga mun matsa wa Ngugi, ko kuma mun yi wa wasanninmu na Hausa rowar yabo. Filin wannan mujalla a buɗe yake, muna kuma sauraron martaninsu a fitowa ta gaba.